Ashe Ba Takensa Ba Ne

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai ji da kai, haifaffen cikin garin Daura, ɗan gidan fataken shanu da ya ƙi bin garke ya bi kiɗa. Na yi 'yan shekaru a Kano ina aiki a wani ɗakin haɗa waƙoƙi, inda kowa ya raja'a a kan fiyano, ni kuwa zuciyata ta maƙale wa jitar bes, mai kaurin muryar nan da mutane ba sa lura da ita sai ta yi shiru. Da na dawo gida, na dawo da abin da nake ganin babu mai irinsa daga nan har iyakar Nijar. Jita ce da wani gwani a ƙasar waje ya sassaƙa da hannunsa, ba ta kamfani ba, na yi ta jiran isowarta har na fara zargin an yi mini wayo. Tsirkiya biyar gare ta, itacenta ja mai sheƙi kamar an shafa masa man shanu, wuyanta kuma sumul, babu 'yan ƙarafan nan da ke yanka sauti gida-gida a sauran jitoci. Mahaifiyata takan ce ta ga alama na yi aure ban gaya mata ba, domin ko akwatin ban yarda ƙannena su taɓa ba.

Wannan sumul ɗin wuyan shi ya ja ni. Tunda babu abin da ke tare yatsa, sauti yana iya zamewa daga ƙasa zuwa sama ya dawo, yadda muryar mutum ke hawa da sauka in yana magana. Wata rana ina wasa da ita na ji ta faɗi sallama tsaf. Daga nan na haukace. Na shiga kwaikwayon kalangu, duk inda na ji makaɗi yana buga taken wani sai in naɗa a waya, in dawo ɗaki in yi ta bi har jita ta iya. Samari suka riƙa cika ƙofar gidanmu suna cewa in sa ta kira sunansu. Kaina ya kumbura, na fara ganin na ƙwace wa makaɗan gargajiya sana'arsu ba tare da na taɓa durƙusawa gaban ko ɗayansu ba. Kunne gare ni, wannan ba yabon kai ba ne. Abin da ban damu da shi ba shi ne sanin abin da kiɗan yake faɗa.

Ina da amini ɗan Baure. Tare muka yi sakandare a Daura, a zaurenmu ya zauna, ni kuma hutuna duka a gidansu nake yi. Mahaifinsa, da nake kira Baba, manomi ne mai sayar da hatsi, dattijo marar yawan magana, wanda ko tuwo aka kawo sai ya tura mini gefen da ya fi miya. Da bikin aminin nawa ya matso, na ce kiɗan yinin biki nawa ne. Baba ba mai son kiɗa a ƙofar gidansa ba ne, amma ya ce tunda ni ne zan yi, kuma ɗa ya ɗauke ni, babu laifi, a dai tashi kafin magariba.

Ana saura 'yan kwanaki na je Baure ranar kasuwa don mu ga inda za a kafa rumfa. Ina tsaye wajen mahauta ina jiran a yanka mini balangu, sai ga Baba ya zo wucewa daga layin 'yan hatsi. Wani tsohon makaɗi da ke zaune a gefen rumfar ya gyara kalangunsa ya saki wani ɗan gajeren kiɗa, mai daɗin gaske, yana hawa ya sauko ya tsaya cak kamar an yi tambaya. Dattawan wurin suka ɗaga kai suka dubi Baba, wasu suka murmusa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa taken Baba ne, kunya da rashin son nuna kai suka sa shi sauri. Na naɗe shi a waya ina murna. Makaɗin yana nan kusa da ni, ban tambaye shi ba. Aminina na tare da ni har dare, shi ma ban tambaye shi ba, wai ina so in ba su mamaki.

Ranar biki bayan la'asar wuri ya cika. Dangin amarya sun zo daga Mashi, an ba su kujerun gaba. Mun tayar da janareta, mun jera lasifikoki, muna ta kiɗanmu. Da na hango Baba ya fito cikin farar babbar riga zai gaisa da surukansa, sai na ɗaga wa abokan kiɗana hannu suka tsaya. Na ƙara wa jita murya, na saki kiɗan nan ni kaɗai. Wallahi ban taɓa buga wani abu da kyau irin na ranar ba. Duk wanda ya san bes ya san ba kunne kawai take shiga ba, tana ratsa katanga, ana jin ta a ƙirji. Samari suka ɗauki ihu, suka ɗaga wayoyi. Na maimaita, na sake maimaitawa, ina yi wa Baba murmushi. Sai na lura duk wani mai furfura a wurin ya yi tsit. Baba ya tsaya da hannunsa a miƙe, bai kai ga hannun surukinsa ba. Ya dube ni, kallon da babu fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya koma cikin gida. Ban ankara ba sai na ji jita ta mutu a hannuna, ango da kansa ya fizge wayar wuta.

Kawun ango ne ya ja ni bayan rumfa. Ya tambaye ni wa ya aiko ni, na rantse masa babu kowa, na ce taken Baba na buga. Sai ya ce ba take ba ne, zambo ne. Ya ce a wata shekarar yunwa, tun ba a haifi aminina ba, 'yan'uwan Baba sun tara irin geronsu a rumbunsa saboda an yarda da amanarsa. Da wuya ta yi wuya, ya binne ɗiyarsa guda, sauran 'ya'yan suna kwance da yunwa, sai ya buɗe rumbun ya ba matarsa ta daka. Ruwa ya sauka dangi ba su da abin shukawa, sai da suka bi ƙauyuka suna roƙo. Baba ya yi shekaru yana gyara tsakaninsa da 'yan'uwansa har suka yafe, amma makaɗin nan, da suka taɓa samun saɓani da Baba, ya sa abin a bakin kalangu. Abin da kiɗan ke cewa shi ne ga mai cinye iri nan, damina ta zo me zai shuka. Tsofaffi kaɗai suka san maganar, kuma sun bar ta a tsakaninsu. Ni na ɗauko ta na faɗa a lasifika, gaban surukai, a ƙofar gidansa.

Washegari na je na durƙusa a zauren Baba, ina kuka ina roƙon gafara. Baba ya ce in tashi, ya san ban sani ba, ya yafe duniya da lahira. Ya ce kuma kiɗan bai yi ƙarya ba, ya ci iri, kuma da za a mayar da shi ranar zai sake ci. Abin da ya dame shi kawai, in ji shi, kalangun tsohon nan ba ya wuce rumfar mahauta, nawa kuwa ya shiga har ɗakin matarsa, wadda ita ta daka geron, ta kwana tana tuna ɗiyarta.

Na zaci a nan abin zai tsaya. Ina! Waɗanda suka naɗa a waya suka yi ta tura wa juna, saboda daɗin kiɗan, yawancinsu ba su san komai ba. Waɗanda suka tambaya aka gaya musu, labarin da ya kwanta ya tashi. 'Yan acaɓa suka riƙa sa shi a tasha. Na bi na roƙi wanda na sani ya goge, amma wa zan bi wa zan bari? Baba ya daina zuwa kasuwa, ya bar wa 'ya'yansa rumfar hatsi, daga gida sai masallaci. Da Allah ya yi masa rasuwa na je gaisuwa. Muna zaune a kan tabarmi ana addu'a, sai wayar wani baƙo ta yi ƙara a aljihunsa, kuma kiɗana ne. Mutumin yana ta lalube bai san me ya yi ba. Aminina ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage in shige.

Jitar tana nan, ina bugawa, ba laifinta ba ne. Na fahimci cewa iya fitar da sauti daban, sanin maganar da ke cikinsa daban, kuma a ƙasarmu kiɗa magana ce, tana da mai ita, tana da wanda take yanka. Tambaya ɗaya da na yi da duk wannan bai faru ba, girman kai da son a ce na burge suka hana ni. Ina kira ga 'yan'uwana masu kiɗan zamani da ke ɗebo na gargajiya suna zubawa a waƙoƙinsu, da ma duk mai tura abin da ya ji daɗinsa a waya, ku tsaya ku tambayi manya me ake cewa, kuma da wa ake. Kada yafiyar dattijo ta ruɗe ku, ba ta mayar da abin da ya fita. Ni Baba ya yafe mini. Ɗansa ma ya ce ya yafe, in mun haɗu yana ba ni hannu, yana tambayar iyali. Sai dai tun muna yara akwai wani sunan tsokana da yake kirana da shi, wanda na sha yin faɗa a kansa. Yau Malam yake ce mini.