Birki Bakwai na Baba Sifana

Sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ya daɗe da nutsewa cikin baƙin mai. Kowa Baba Sifana yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana. Rumfarsa tana gindin gangara, daidai inda kwalta ta karya kwana ta nufi kasuwa. Langa-langa huɗu ne a kan turaku, da benci ɗaya da ya sha zama har ya yi santsi, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, sai rabin jarka da yake wanke noti da fetur a ciki. Maƙwabcinsa Mai Faci ne, abokin gardamarsa na shekara ashirin.

Da gyaran keke ya fara, a hannun mahaifinsa. Lokacin da babur ya shigo gari, masu shi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: malaman makaranta, akawu biyu, da wani mai shagon magani da yake goge nasa da hankici. A wancan zamanin, in aka ce babur ya kashe mutum, sai a yi wata guda ana maganar. Yanzu kuwa Baba Sifana ya daina tambayar wane ne. Bayan rumfarsa akwai fili inda ake jibge baburan da suka yi haɗari kafin dangi su zo ɗauka. Da can ɗaya ne ko biyu a shekara. Bana sai da ya roƙi mai filin ya ƙara masa wuri.

"Yaran nan ne," in ji Mai Faci kullum. "Mutum ya koyi tuƙi da hantsi, da la'asar ya ɗauki mace da goyo. Ya cire madubi wai yana ɓata wa babur kyau. Waya a kunne, ƙwaya a ciki."

"To ramukan titin fa, su ma yaran ne suka haƙa?" Baba Sifana yakan ce. "Da tifar da take taka mutum kamar ta taka gwangwani?"

Haka suke yi har rana ta faɗi, babu mai sauka daga kan bakansa. Amma idan Baba Sifana ya koma gida, gardamar ba ta binsa, tsoron ne yake binsa. Ya aurar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ga wani ɗan haya mai suna Dogo, mutum mai kunya da ladabi, wanda babur ne gonarsa. Tun ranar ɗaurin auren, duk ƙarar birki da ya ji daga kan gangara sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya leƙa.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe goma na safe, aka sauke masa wani babur daga bayan a-kori-kura. Kan ya lanƙwashe, fitila ta tarwatse, tanki ya lotsa. Bai buƙaci lamba ba. Ya san shi da jan ƙyallen da aka naɗe a kujera.

"Na Hawainiya ne wannan," ya ce. "Yana ina?"

Direban ya kawar da kai. "Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Matar da ya ɗauko tana can, ƙugu ya karye."

Baba Sifana ya zauna a kan benci. Hawainiya dattijo ne mai 'ya'ya biyar. 'Yan haya ne suka laƙaba masa sunan saboda ko jaki yana iya wuce shi a hanya. Ba ya ɗaukar mutum biyu, ba ya amsa waya a kan babur, ko goro ba ya ci.

"Gudu yake yi?"

"Ina fa gudu. Tifa ce ta tsaya a gabansa a gangaren makaranta. Waɗanda suka gani sun ce tun daga nesa yake ta taka birki, yana ihu a kauce. Hular kwanonsa ma ta fice, igiyarta ta daɗe da tsinkewa."

Baba Sifana ya dubi tayar baya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce shi da hannunsa ya sa wa Hawainiya sabon birkin baya.

Ya jawo akwatin kayan aiki. Sau biyu sifana tana zamewa daga kan noti, shi da ko idonsa a rufe yana iya kwance tayar baya. Da ya zare tayar ya buɗe kwanon birki, sai fatar birkin ta faɗo ƙasa ita kaɗai, ta bar ƙarfenta tsirara, yana sheƙi. Ba cinyewa ta yi ba. Sabuwa ce fil. Ɓanɓarewa ta yi.

Mai Faci ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya. "Wannan ai jabu ne. Ina ka samo?"

Baba Sifana ya shiga rumfa da sauri. Makon jiya shagon da ya saba sayen kaya ya kasance a rufe, mai shi ya yi tafiya. Sai ga wani mai yawo da jaka ya zo da birki guda goma, kwalinsu sak irin na ainihi, har da tambari. Ga araha. Ya duba da ido, ya ga ba laifi, ya karɓa. Yanzu uku ne suka rage a kan kanta. Ya ɗauki ɗaya, ya sa bakin sukudireba a ƙarƙashin fatar, ya ɗan danna. Ta tashi kamar ɓawon ayaba. Na biyu haka. Na uku ma haka.

"Bakwai na ɗaura," ya ce. "Bakwai, Mai Faci."

"To tsaya. Kada ka rikice. Lissafo su."

Ya lissafa da yatsu masu maiƙo. Hawainiya. Malamin firamare. Mai kai biredi shaguna. Wasu wa da ƙani 'yan haya da ke tsayawa a bakin kasuwa. Wani baƙo mai koren babur da ya tsaya da buhunan albasa. Ya tsaya a yatsa na bakwai.

"Wa?"

"Mijin Auta."

Ya kira Dogo. Waya ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Shi ne fa da bakinsa ya sa yaron ya yi masa alkawari ba zai taɓa ɗaga waya a kan babur ba, ko da sama za ta faɗo. Wato yana kan hanya ke nan. Ta Auta a kashe take. Ya kira gida.

"Maigida, lafiya da kira yanzu?"

"Ina Auta?"

"Yau ai ranar awonta ce. Mijinta ya kai ta asibitin mata tun da safe. Me ya faru? Na ji muryarka wani iri."

"Ba komai," ya ce, ya kashe. Cikin Auta wata bakwai. Kuma daga asibitin zuwa gidansu babu hanya sai ta gangaren makaranta.

Mai Faci ya riga ya rufe injin iskarsa. "Ni zan bi kasuwa da makaranta da gidan biredi. Kai tafi."

Baba Sifana ya cusa sifana biyu da wani tsohon birki mai kyau a aljihu, ya tare ɗan haya na farko da ya gani. Rabonsa da hawa bayan wani ya fi shekara goma. Babur ɗin ba madubi ko ɗaya, tayar gaba ta suɗe kamar tafin hannu. Mutumin ya murɗa totur, ya kutsa tsakanin bas da tirela, gwiwar Baba Sifana ta gogi ƙarfe. Baba Sifana ya buɗe baki zai ce a yi a hankali, ya tuna abin da yake bi, ya rufe. Duk babur da ya taho daga gaba sai ya ƙura masa ido. A gangaren makaranta ya ga yashin da aka zuba a kan jini, da gilashin fitila a warwatse, motoci suna bi ta kai.

A ƙofar asibitin ya hango su. Dogo ya riga ya tayar da babur, Auta tana gyara zama a baya, ta dafa kafaɗarsa, katin awo a hannu.

"Kai! Kashe! Kashe shi!"

Duk jama'ar bakin ƙofa suka waiwayo. Dogo ya kashe, ya sauko ya rusuna. "Baba, lafiya?"

"Ke sauka."

"Baba, me ya faru? Inna ce?"

"Innarki lafiya lau. Sauka na ce."

Nan a gefen titi, a gaban masu sayar da lemo da katin waya, ya durƙusa ya kwance tayar. Fatar ba ta faɗo ba tukuna, amma gefe ɗaya ya riga ya ɗaga, har ana iya zura farce. Ya nuna wa Dogo. Dogo ya duba, ya dubi matarsa, ya dubi hanyar da za su bi. Auta ce ta lura hannun mahaifinta ya kasa mayar da noti. Ta karɓi ruwa a wajen mai lemo ta miƙa masa.

"Sha, Baba. Ga mu ai."

Kafin la'asar an samu malamin, an samu mai biredi, an samu wa da ƙani. Ƙanin har da musu, wai birkinsa yana ci garau, kada a ɓata masa lokaci ana tsakiyar samun fasinja. Sai da Mai Faci ya zare makullin ya sa a aljihu. Baƙo mai albasa ne babu wanda ya sani. Masu albasa na kasuwa suka ce masu koren babur da ke kawo musu kaya daga ƙauye sun fi ashirin. Mai jakar kuwa kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Washegari ya je gaisuwa gidan Hawainiya. Kafin ya fita daga gida, matarsa ta ce ya yi addu'a kawai ya taso, kada ya tono wa kansa. Mai Faci ma haka ya ce. Ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, aka shafa, mutane suka ragu. Sai ya matsa kusa da yayan mamacin, ya ciro fatar birkin daga aljihu, ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. "Kwanansa ne ya ƙare," ya ce. "Kai ma cutarka aka yi."

Amma labulen zaure ya motsa. Ashe matar Hawainiya tana tsaye a baya, ta ji duka. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, a tambaye shi. Da ya saya, bai gwada ba ne?"

Babu wanda ya tambaye shi. Ya sa takalmansa ya tafi.

Tun daga ranar duk birkin da zai ɗaura sai ya sa masa sukudireba a gaban mai babur, ya buga shi a kan dutse sau uku. Wanda ya zo ba madubi, ko taya ta suɗe, sai ya ce ba zai taɓa injin ba sai an fara da wannan. Wasu sun yi fushi sun koma wajen wani bakanike a gaba, suna cewa tsufa ya kama Baba Sifana. Auta ta sauka lafiya, mace ta haifa, a mota aka dawo da ita gida don mahaifinta ya rantse ba za ta hau babur da jaririya ba.

Kowace ranar kasuwa kuwa yakan bar aiki ya tsaya a bakin kwalta tun da sassafe. Da ya hango koren babur da buhuna sai ya shiga gabansa yana ɗaga hannu. Ya tsayar da goma sha ɗaya zuwa yanzu. Na ƙarshen ya ce ya san wani mai irin babur ɗin a ƙauyen da ke gaba da nasu, amma ya kwana biyu bai gan shi a hanya ba.

"Lafiya dai yake?" Baba Sifana ya tambaya.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Matsa mini, albasa tana jin rana."