Ranar Da Gajera Ta Yi Wa Dogo Tsawa

Dogo direban bas ne, irin waɗanda fasinja ke ba labarin ciwon gwiwarsu tun kafin su zauna. Kowa a layinsa ya san shi, har karnuka. Mutum ɗaya ce ba ta san shi sosai ba, 'yarsa da yake kira Gajera. Yakan fita tana barci, ya dawo ta yi barci. Ranar hutunsa kuwa sai ta kawo masa ruwa da hannu biyu, ta koma bayan uwarta tana leƙensa. Maƙwabta suna yaba tarbiyya, shi kuwa abin yana ci masa rai ƙwarai. Ya san wannan ladabin na baƙo ne.

Da aka yi dokar da ta ba iyayen ƙananan yara damar neman sauyin lokacin aiki, Dogo ne ya fara zuwa ofishin manaja, ko hularsa bai cire ba. Aka mayar da shi aikin safe. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, sai ta karɓi na yamma, ta bar masa gida da yarinya.

To, mutumin da ke juya doguwar mota a lungu, wai shi ne ya kasa da mataji. Ya ƙona tukunya, ya sa mata riga a baibai, ya kai ta makarantar yamma ranar da babu karatu. Duk wannan ɓarna Gajera ba ta ce uffan ba, sai dai “Sannu, Baba.”

Wata rana yana taje mata kai a bakin ƙofa, ya fizgo gashin da ya cukurkuɗe. Yarinya ta zabura, ta fizge matajin.

“Kai Baba! Ba ka iya komai ba wallahi! Zauna a nan, kar ka motsa, in nuna maka!”

Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta saki baki. “Ke! Ubanki kike wa haka?”

“Ƙyale ta, Yaya,” in ji Dogo, cike da jin daɗi.

Ya zauna a ƙasa, ya miƙa wa Gajera sanƙonsa. Ta hau kafaɗarsa tana taje abin da babu, tana ta faɗa, shi kuma yana dariya har da hawaye.