Labbo Bai Sa Hannu Ba

Labbo ɗan masunta ne daga Argungu, amma a gaban kwamfuta ya yi furfura. Shekara goma sha biyu yana riƙe da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ranar rabon iri da taki shi ke zama bakin taga: manomi ya miƙo kati, ya nemo sunansa, a sallame shi. In na'ura ta tsaya, shi ake zagi.

Bana manaja ya kawo wani Faruk daga Gesse, mai ƙamshin turare da yawan Turanci. Wai ya rubuta manhajar da ke gyara kowace tambayar neman sunan manomi, ta mayar da ita tsari ɗaya kafin ta isa rumbun. Ya nuna zane mai launi, wai saurin ya ninka biyar. Manaja ya yi ta tafi. Saura sa hannun Labbo kafin rabon Alhamis.

Labbo ya ce, "Malam Faruk, da mi ka gwada ta?"

"Tambaya dubu, Baba."

"Dubu daban-daban?"

Ashe sunan mutum ɗaya ya nema sau dubu, a kwamfutarsa sabuwa fil. Na'ura ta haddace amsar tun a karo na biyu. Wannan shi ne gwajin ƙwararre.

Labbo bai yi gardama ba. Ya zaro tambayoyin ranar rabon bara, dubu tara, ya zuba su a tsohuwar kwamfutar taga, ya ajiye agogon wayarsa a gabansu. Tsohon tsari ya gama a minti huɗu. Na Faruk ya kai sha tara, fankar cikin kwamfutar na kuka.

"Kwamfutar ga ta tsufa," in ji Faruk.

"Ita muke da," in ji Labbo.

Manaja ya tura wa Labbo takardar amincewa da manhajar. "Sa hannu kawai, Labbo, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, zan sa. Amma ran Alhamis wanga bawan Allah zai zauna taga, ya yi wa mutanen Augie bayanin zanensa, su da suka baro gona tun asuba."

Nan take Faruk ya tuna yana da taro a Abuja. Manaja ya naɗe takardar, ya daina amsa gaisuwar Labbo.

Ran Alhamis da tsohon tsari aka yi rabo. Kafin azahar layi ya ƙare, ba wanda ya ce masa sannu.