Kaset ɗin Kawu a Cikin Duron Wake

Ina yarinya mai kunya, wadda ko sunanta aka tambaya sai ta kalli ƙasa, aka kawo ni Dutse daga Garki don in yi sakandare a gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata. Abin da na fara gani da shigata ɗakinsa shi ne jita a rataye a bango, da hular saƙa mai ja da ruwan ɗorawa da kore an kifa mata a wuya. Lokacin jihar tana sabuwa, Kawu kuma ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya. Da safe ya sa kaftani ya tafi ofis, bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ɗauko jitar nan. Mawaƙin rege ne, amma da Hausa yake yi, kuma ban da mu da abokansa kaɗan, babu wanda ya taɓa jinsa.

Waƙoƙinsa duk biyu-biyu suke a haɗe. Yakan fara a hankali, murya ƙasa-ƙasa, yana yabon matarsa, wadda nake kira Anti: yadda take ɗaura ɗankwali a karkace, yadda take hura wuta tana tsaki. Ana cikin haka sai kiɗan ya yi nauyi, babban yatsansa ya koma kan igiya mai kauri, ya shiga zancen manomin da taki bai iso masa ba, da matan da ke kwana a layin famfo. Da ya kai nan sai Anti ta miƙe ta karkaɗe zane, ta ce to an gama da ita an koma gwamnati, bari ta je ta duba tuwonta. Shi kuma ya bi ta da dariya, ya ce ai son ta da son talaka uwarsu ɗaya. Ni ce nake zama har ƙarshe, a bakin ƙofa, littafi a cinya kamar mai karatu. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kano aka ɗauki waƙoƙin a kaset. Da ya dawo na ga ya ɓalle 'yan haƙoran nan na bayan kaset don kada wani ya ɗauki wani abu a kai. Kullum yana cewa zai kwafa, bai kwafa ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya canza. Kawu mutum ne mai sallar jam'i, bai yi gardama da kowa ba. Surukinsa ya aiko masa da magana, a ofis ma aka fara yi masa wani irin kallo, samarin unguwa kuma suna bi suna nasiha a kan kiɗa. Da kansa ya je aka aske sumar da yake ɓoyewa a ƙarƙashin hula, jitar kuma ya ba wani abokin aikinsa da zai koma garinsu. Kaset ɗin ne ya kasa rabuwa da shi. Ranar da zan tafi hutun ƙarshen shekara ya raka ni tasha, ya danƙa mini shi a naɗe cikin leda, ya ce 'yar Garki, ga amanarsa, in adana masa har ƙura ta lafa.

A gida na rasa inda zan sa shi. Akwatina ƙannena suna buɗewa, Inna kuma ina jin nauyin in ce mata ga waƙar ƙaninta ta soyayya na kawo. Lokacin an gama sussukar wake, an cika duron ƙarfe ana shirin rufewa. A wurinmu in aka rufe duro aka liƙe bakinsa da laka, ba mai taɓa shi sai damina, don in iska ta shiga ƙwari sun cinye waken. Na ga babu wurin da ya fi shi tsaro. Na tura ledar cikin waken iya inda yatsuna suka kai, washegari Baba ya rufe. Na koma Dutse ina jin na yi dabara.

Abin da na manta, kuma na san shi tun ina ƙarama, shi ne in bazara ta yi akan mirgino duron tsakar gida ya sha rana, zafi ya kashe sauran ƙwarin. Da na zo hutu na gaba, shi na fara gani a tsaye, rana tana dukansa. Na ɗora tafin hannuna a murfin, ban iya barinsa ba don zafi. Na ɗauko tsohuwar tabarma na rufa masa. Inna ta fito ta yaye, ta ce ko bokon ne ya fara taɓa ni, wa ya taɓa yi wa duro inuwa? Na buɗe baki in faɗa mata, na ga Baba a zaure, na tuna abincin gidanmu ne a ciki, sai na fasa, na naɗe tabarmar na mayar ɗaki. Haka na yi hutun nan ina zaune a inuwa ina kallon ƙarfe yana ƙuna. Da na koma, Kawu ya tambaye ni a hankali ko amanarsa tana nan, na ce tana nan.

Da damina mota ta buge shi a kan babur a hanyar Kiyawa, ko asibiti bai kai ba. Ya bar Anti da jariri. Bayan ta fita takaba ta kira ni ɗaki, ta ce ta san kaset ɗin yana wurina, ba ta son komai sai ta ƙara jin muryarsa. Na tafi Garki. Inna ta riga ta buɗe duron ta ɗebi iri, ta tsinci ledar ta ajiye. Kaset ɗin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, zaren ciki ya manne. Da na gaya mata ko mene ne, ta daɗe tana juya shi a hannunta, sannan ta ce da na faɗa mata ai a ƙasan adakarta za ta sa, ƙaninta ne fa. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Dutse ya sauya wa zaren gida, ya saka a rakoda. Abin da ya fito wani gurnani ne kawai, sai zaren ya tsinke. Na kai wa Anti labari, ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta juya ta ci gaba da shayar da ɗanta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina cewa rana ce ta cinye muryar Kawu, amma kunyata ce. Magana ɗaya da zan yi wa mahaifiyata ta isa. Ina kira ga 'yan mata masu irin halina, in an ba ku ajiyar da ta fi ƙarfinku, ku nemi babba ku faɗa masa. Iyaye kuma ku lura, yarinyar da ta rufa wa duro tabarma akwai abin da take son faɗa.

Jaririn nan ya girma, ya taɓa tambayata yadda muryar babansa take. Da na zauna na tuna, sai na ga duk baitocin manoma da layin famfo suna kaina, amma na farkon sun ɓace mini, don in yana yabon Anti kunya takan sa in toshe kunne da karatu. Ita kuma daidai nan take zama. Shi ya sa da sallar da ta wuce na je gidanta, na durƙusa, na ce Anti, don Allah ki kira yaron nan, ki rera masa rabinki, ni kuma in kin tashi duba tuwo in ɗora daga inda kika tsaya.