Muryar Aron Alice Shekwolo

Shekara ashirin da biyu Alice Shekwolo ta yi tana ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu da ke Sauka Kahuta. Sana'arta sayar da zare da allura da maɓallai a bakin kasuwa, amma ba da wannan aka san ta ba. In biki ya tashi, ko na 'yan'uwanta Gbagyi ko na maƙwabta Nufawa, ita ake aikawa a ɗauko. Waƙoƙin kuwa ita ke tsara abinta, a ka take riƙe su.

Sai maƙoƙo ya fito mata a wuya. Aka yi aiki, ta warke, amma muryar ba ta dawo ba. Dama likita ya gaya mata hakan na iya faruwa. Magana takan fita a dishe kamar raɗa, in ta ce za ta ɗaga sai tari ya sarƙe ta. A coci ta koma bencin baya tana motsa leɓe. Bayan wata uku ko wannan ta daina.

Jikin rumfarta akwai shagon Ndatsu, mutumin Bida, magidanci mai gyaran waya da tura waƙoƙi. Masu Keke Napep da ɗaliban jami'a da 'yan mata masu koyon ɗinki duk wurinsa suke zuwa, su miƙa waya su ce ya sa musu abin da ke tashe. Shi ke zaɓa musu, kuma sun yarda da kunnensa.

Wata rana da hantsi Alice ta ji wata siririyar murya daga sifikarsa, tana waƙa da baƙon yare, tana ta hawa ba tsayawa. Ta leƙa.

"Malam Ndatsu, wannan yarinyar ba ta numfashi ne?"

"Ba yarinya ba ce, Maman Favour," in ji shi, don da sunan 'yarta ake kiranta a kasuwa. "Kwamfuta ce. A rubuta mata kalmomi, a tsara mata kari, ita kuma ta rera. Samarin yanzu suna son irinta."

"Abin da ba shi da huhu ina ya san waƙa?" Ta koma wajen zarenta.

Bayan sati biyu sai ga ta a shagon Ndatsu da takarda a ninke. Waƙa ce da ta zo mata tun tana kwance a asibiti, kan 'yarta Favour, wadda ta gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan tana zaune a gida ba aiki. Amshin ya ce:

Jira ba zaman banza ba ne,
Doya ma a ƙasa take ƙosawa.

"Ka gwada mini ita," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kwamfutar ba ta san Hausa ba. Inda aka rubuta ƙasa sai ta ce kasa, inda kalma ya kamata ta sauka sai ta ɗaga ta. Alice takan matso da bakinta kusa da kunnen Ndatsu ta raɗa masa karin, tana ƙwanƙwasa tebur da yatsa, shi kuma yana matsar da 'yan layuka a fuskar kwamfutar, sama ko ƙasa, har ta gyaɗa kai. Sun fi yi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ciniki ke lafawa. In ya tafi masallaci ita ke tsare masa shago.

Sun yi gardama sau ɗaya. Ta ce a bar gurbi bayan baiti na biyu, muryar ta numfasa.

"Ai ba ta buƙata," in ji Ndatsu.

"Mai saurare yana buƙata."

Ya bar gurbin.

Ranar da aka gama, bayan sati uku, ta saurara sau biyu hannunta a ƙirji. Ta koma rumfa, wata mata ta nemi baƙin zare ta miƙa mata shuɗi. Sai da yamma ta ce masa, "Ka ba yaran nan masu zuwa wurinka. Amma duk wanda ka ba, ka gaya masa na'ura ce ta rera. Ba na so a zaci wata baiwar Allah ce."

Haka ya yi. Duk matashin da ya zo neman sabon abu sai ya ce, "Ga wata, ta nan garin ce, kwamfuta ta rera. In ba ta yi maka ba ka goge." Kaɗan ne suka goge. Kafin damina ta wuce Alice ta ji ta a cikin keke kan hanyar Limawa, direban yana bin amshin yana dukan kan keken. Ta kau da fuska waje har suka isa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mama Elizabet, shugabar zumunta, ta ce na'ura ba ta yabon Ubangiji, kada a kawo ta coci. Alice ta ce gaskiya ne, ba ta kuma taɓa kawowa ba. Sai dai wata ɗalibar aikin jinya mai suna Testimony ta bi sawu har rumfa, ta ce tana so ta rera waƙar da bakinta. Yanzu duk Asabar takan zo da ƙawayenta biyu, Alice na gyara musu da raɗa da yatsa.

Likita ya ce muryar ta tsaya inda za ta tsaya. Waƙoƙin da ita da Ndatsu suka fitar sun kai bakwai. Ta takwas da yaren Gbagyi take so a yi, wanda kwamfutar ba ta iya ba, shi ma Ndatsu bai iya ba. Tun watan jiya suna kan layin farko.