Inna Rage-Mani da Kujerar Likitan Haƙori

Surukata, uwar mijina, ba ta taɓa sayen ko allura a kuɗin da aka faɗa mata ba. 'Yan kasuwa Rage-Mani suke kiranta, har sunanta na yanka ya ɓace, mu kuma a gida Inna muke ce mata. Ina amarya na taɓa raka ta sayen bokiti. Bokiti ɗaya tal, na roba! Muka shiga kasuwa da hantsi, ba mu fito ba sai da inuwa ta juya. Ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta ɗaga shi a rana tana neman huda, ta tambayi mai shagon jikin mahaifiyarsa, ta yi fushi ta tafi, ya biyo ta, ta dawo tana hararsa. Ni ƙafafuna har sun kumbura, ita kuwa fuskarta sai sheƙi take yi. Kuma kada ku ce rowa ce, don abin da ta rage a bokitin mai sharar layin ta miƙa wa, har da ƙari. Ita dai cinikin ne abincinta.

Tana da doka ɗaya: ba a wuce kayan mutum ba a taya ba. "Tayi gaisuwa ce," in ji ta. "Ka taya, ya ce albarka, kowa ya san ɗan'uwansa yana raye."

Sai gwiwoyi suka ƙi. Da farko sanda, daga baya ko bakin titi ya gagare ta. Ta koma zaman ɗaki, a gefen gado, kusa da taga. Matar da in ta buɗe baki a ƙarshen layi ake jiyo ta a farkonsa, sai ga ta tana wuni ba ta ce uffan ba. Ran da na tsorata da gaske shi ne ran da na shigo da sabuwar tukunya, na ajiye a gabanta, ta dube ta, ba ta tambaye ni nawa na saya ba. Na koma kicin na yi kuka, wallahi, ni da muke faɗa da ita kullum a kan gishiri.

Autar 'ya'yanta, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo maganin da ya zame mana ciwo. Ta sayo wa Inna waya mai faɗin fuska, ta sa mata shafin gwanjo na intanet, ta haɗa shi da katin bankin yayanta, wato mijina. Shi da bakinsa ya ce a haɗa, "ta sayi abin da ranta yake so." Ku riƙe wannan, don akawu ne, mutumin da yake jera takalmansa bisa tsawon shekarunsu.

Auta ta yi mata bayani: mai kaya zai sa hoto, mutane su yi ta tayawa, wanda ya fi kowa tayi idan lokaci ya cika, kaya nasa ne.

"Tsaya," in ji Inna. "Wato masu saye ne ke ƙara wa kansu kuɗi? Da hannunsu? Ba wanda ya sa musu wuƙa?"

"Haka ne, Inna."

"To wannan ai kasuwar mahaukata ce. Miƙo in gani."

Kayan da ake rububi a kansu ko kallo ba su ishe ta ba. Can ƙasan shafin ta gangara, inda ake jibge kayan da ba wanda ya taya. Nan tausayi ya kama ta. "Dubi bawan Allah, ya baje kayansa tun shekaranjiya, ko mai ce masa sannu babu. Mutanen yanzu ba su da tarbiyya." Ta danna. Ta gangara, ta sake dannawa. Ita a tunaninta gaisawa take yi da jama'a, tana jira a ce mata albarka a fara ciniki. Abin da Auta ta manta ba ta nanata ba shi ne, a can tayi alkawari ne. In ba wanda ya hau kanka, kai ka saya, ko kana so ko ba ka so.

Ni tela ce, a falo nake aiki, kekena a jikin taga, teburin yanka a tsakiya. Ina cikin ɗinki mai babur ɗin kai saƙo ya yi sallama da kwali. Na buɗe, na kurma ihu. Kawunan roba ne na shagon gyaran gashi, ba gashin, duk sun zuba mini ido. Washegari buhun takalma ya iso, sababbi fil, duk na ƙafar hagu. Sai keken motsa jiki da ba feda, sai ƙahon 'yan badujala da ya lotse, sai rigar nutso cikin teku har da gilashinta. Rigar nutso, jama'a! A gidan da ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu. Mai babur ɗin har ya daina sallama, dariyarsa kawai muke jiyowa daga bakin ƙofa.

Ita kuwa Inna ba ta yarda ta sayi komai ba. Da zarar shafin ya rubuto mata cewa ta yi nasara, sai ta danna wurin saƙon murya, ta gyara zama. "Ɗan nan, na ga an ce na ci. Ni ban ci komai ba, tayawa na yi. Yanzu tsakaninka da Allah, nawa za ka bar mini?" Wasu su toshe ta, wasu su kai ƙararta wurin masu shafin. Wata yarinya mai sayar da jakunkuna ta amsa mata da ladabi cewa, "Mama, a nan ba a ragi." Inna ta aika mata da wa'azi mai tsawo a kan yadda aka yi ciniki tun kafin a haifi uwarta.

Ni dai na yi masifa har muryata ta dishe. Masu kawo mini ɗinki sai sun tsallake keken motsa jiki kafin in auna su, wata ma da ta ga kawunan nan jere a kan kabad ta fasa cire mayafinta. Amma gaskiya ɗaya ce: gidan ya dawo da murya. Inna tana cin abinci tana neman ƙari, tana tsaki, tana yi wa waya daƙƙuwa. Ta ma tambaye ni kuɗin tukunyar nan, ta ce an cuce ni.

Ana haka ta gaisa da kujerar likitan haƙori.

Katuwar kujera ce, mai fitila a sama, da ɗan kwanon tofar da yawu a gefe, da feda a ƙasa. Wani mai sayen kayan asibitocin da suka rufe ne ya sa ta, ba wanda ya kula ta, Inna ta ji tausayinsa. Wannan karon banki bai saki kuɗin kai tsaye ba, sai da ya nemi amincewar mai kati. Maigida yana ofis saƙon ya same shi. Ya ƙi amincewa. Mai kujera ya kai ƙara, masu shafi suka rubuto cewa ko a biya ko su rufe asusun. Inna kuma ta aika wa mutumin saƙon murya tana tambayarsa ko kujerar da likitan ake haɗawa, da ya tsuga mata wannan kuɗi.

Maigida ya dawo fuska a murtuke. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ranar Asabar zan karɓi wayar nan, in kawo miki ƙarama mai maɓallai. Kira kawai, da amsawa."

Na jira ta yi masa ca. Da ta yi, da hankalina ya kwanta. Sai kawai ta ce, "To," ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta juya ta fuskanci taga. Abincin da na kai mata haka na ɗauko shi. Ni da nake ta addu'ar a raba ni da kawunan roba, sai ga ni ina da-na-sani, don na san wannan shirun, na kuma san inda yake kai ta.

Asabar da safe Maigida yana tsaye a falo da ƙaramar wayar a kwalinta, sai muka ji hon kamar za a rushe katanga. Motar ɗaukar kaya ce ta ja da baya har bakin ƙofarmu, kujerar tana ɗaure a bayanta, fitilarta tana lilo. Wani ƙaton mutum mai sanƙo ya diro yana share gumi.

"Ina mai saƙon muryar nan? Ni za a mayar ɗan iska? Mai shago ya ba ni notis, ba ni da wurin ajiye ta, an taya, an ci, ga adireshi, ga kaya! A biya ni in kama gabana!"

Kafin ka ce kwabo shi da direbansa sun sauke ta a tsakar gida. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Maigida, da ya tsani tara jama'a kamar mutuwarsa, ya ciro wayarsa ya ce, "Malam, ya isa. Zan biya ka yanzu, daga nan a rufe asusun kowa ya huta."

"Kul!"

Inna ce a bakin ƙofar falo, ta dogara sanda, ɗaurin kallabinta ya karkace. Yadda ta sauko matakalar ƙofar ita kaɗai, har yau ban sani ba. Ta zagaya kujerar a hankali, ta latsa nan, ta shinshina can.

"Kai ne mai ita?"

"Ni ne. Kuma ciniki ya ƙare, Mama, shafi ya riga ya yanke."

"Shafi ubanka ne? Ke, zo ki hau mu gani."

Ni ke nan. Ina hawa ta taka fedar da sandarta. Wayyo Allah! Kujerar ta yi wata ƙara, ta wuntsila ni baya, ƙafafuna a sama, takalmina ɗaya ya tashi ya faɗa cikin kwanon yawu. Maƙwabta suka kwashe da dariya, har da mai tafi. Ina ihu a sauke ni, Inna ko a jikinta.

"Ka gani? Tana kayar da mutane. Fatar nan ma ta tsage, fitilar kuma ido ɗaya ce." Ta dube shi sama da ƙasa, ta faɗi wani kuɗi da ko kujerar roba ba zai saya ba.

Mutumin ya buɗe baki zai yi masifa, amma abin da ya fito daban. "Albarka!" Shi kansa sai da ya yi turus. Ashe tsohon ɗan kasuwa ne, ya yi shekaru da rumfa kafin 'ya'yansa su mayar da shi sayarwa ta waya. Bakinsa ne ya riga shi.

Da kun ga fuskar Inna! Kamar an kunna fitila a ɗaki. "Yawwa, ɗan halak! Yanzu ka yi magana. Ke, sauko ki kawo wa baƙo ruwa da kujera, ta zama, ba wannan ba."

Kar ta san kar. Ya rantse da cewa daga ƙasar waje aka kawo ta, ta ce to ta gaji da tafiya, shi ya sa take kwanciya. Ya ce manyan mutane sun zauna a kanta, ta ce duk da kuka suka tashi. Ya yi fushi ya ce direba ya ɗaure kaya, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya kai bakin ƙofa ya dawo. Ita ma ta yi fushi ta nufi ɗaki, ya biyo ta yana "Haba Mama, haba Mama." Ta tambaye shi yaransa nawa, ya ba ta labarin ciwon bayansa, ta faɗa masa man da zai shafa. Direba ya gaji ya kwanta a inuwar mota. Maƙwabta suka rabu biyu, wasu na bayanta, wasu na bayansa. Sanƙon mutumin yana ta ƙyalli, yana dariya yana buga cinya, ya ce rabonsa da ciniki mai daɗi irin wannan tun yana da gashi.

Can rana ta take, ya ɗaga hannu biyu sama. "Shi ke nan, Mama, kin fi ƙarfina. Yadda kika faɗa ɗin. Na sallama."

Na ga Inna ta ɗan daburce. Ta sake zagaya kujerar, ta ce ai ba ta duba ƙasanta ba, ta ce kwanon kamar ya yi tsatsa, ta ce a dai sake duba fedar. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya.

"Inna, ya sallama fa. Ƙasa da haka ai sai kyauta. Ki karɓa mana."

Ta damƙe hannuna, ta ce a hankali, "Ke, rufa mini asiri. In na karɓa, tafiya zai yi."

Ta ɗauka ni kaɗai na ji. Amma Maigida yana bayanmu, da kwalin ƙaramar wayar a hannunsa tun safe. Ya daɗe yana kallon mahaifiyarsa. Sai ya ajiye kwalin a kan taga, ya zagaya wajen mai kujera, ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, don Allah janye sallamar nan. Ce mata albarka."