Baba Tocila da Bangon da Ya Kurmance

Ƙarfe goma na safe Baba Tocila yake shiga gidan silima, sa'a biyu kafin a sayar da tikitin farko. Abin da yake fara yi shi ne ya haska tocilarsa a tafin hannu, ya ga ko hasken ya soma ja. In ya soma, a canza batir. Daga nan sai ƙaramin ɗakin kallo, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana raka mutane kujerunsu. Yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana danna kujeru da gwiwa. Ya san mai ƙara, ya san mai kama riga. Inna mai shara tana gaba da tsintsiya, shi yana baya, suna tsiyarsu ta kullum.

"Tsoho, ka taka mini inda na share."

"Au, ashe kin share? Allah ya ba ki haƙuri, ban ga alama ba."

In an kashe fitilu, ya kai na ƙarshen masu latti wurin zamansa, sai ya koma kusurwarsa a gefen allo, kusa da ƙofar fita. Fuskarsa ga jama'a, ƙeyarsa ga fim. Haka aka ce ya riƙa tsayawa ranar da aka ɗauke shi aiki, kuma ba wanda ya tuna ya soke dokar. Saboda haka mutumin da ya fi kowa daɗewa a gidan bai taɓa kallon fim ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Hasken allo yana sauka kan fuskokin mutane, shi kuwa su yake kallo.

Waɗanda suka san shi suna da labarai. Akwai matar da ya je ya durƙusa kusa da mijinta ya ce, "Malam, tashi ka kai ta asibiti," alhali ita kanta ba ta gama yarda naƙuda ba ce. Akwai mai yankan aljihun da ya gane a cikin duhu, don shi kaɗai ne bai yi dariya ba lokacin da ɗaki duka ya fashe da ita. Bai yi masa ihu ba. Haske kawai ya ɗora masa a kan hannu, ya bar shi a nan, har mutumin ya tuna yana da wani uzuri a waje.

Amma abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne a watansa na ƙarshe a aiki, lokacin da aka kawo kashi na biyu na wani fim ɗin ɗan leƙen asiri.

Kashi na farko ya yi farin jini, don haka aka yi ta tururuwa. To amma dama mai gidan silimar yana neman dalilin mayar da ƙaramin ɗakin wurin ajiyar kaya, ya kuma gaya wa manaja cewa wannan fim ne gwaji na ƙarshe. In ɗakin bai riƙa cika ba, a rufe. In an rufe, Baba dai dama tafiya zai yi. Inna ce za ta rasa tsintsiyarta, ga jikoki uku a hannunta.

Sai fim ya raba kan jama'a gida biyu. A ƙarshensa ɗan leƙen asirin yana miƙa ubangidansa, wanda ya koya masa aiki, ga hukuma, ba gaira ba dalili. Haka dai rabin mutane suka gani. Kullum bayan kallon rana, harabar gidan sai ta koma kamar kasuwa.

"Wallahi an raina mana hankali! Mutumin da ya rene ka?"

"Kai, ɗan'uwa, barci ka yi ne? Ai komai a fili yake."

"A filin gidanku?"

Masu zagi sun fi masu yabo ƙarfin murya, kamar yadda aka saba. Kafin mako ya zagayo, ɗaki ya soma zama fayau.

Mai wannan rubutu yana cikin masu zagin, kuma ba a sahun baya ba. Mutum ne da ya ɗauki kansa masanin fim saboda shi yake riƙe rimot a gidansa. Ranar da suka je da matarsa sun makara, Baba Tocila ya sama mata kujera a dama, shi a hagu jikin bango. Kwana uku suna musu a gida.

"Ai matar nan ta cikin lif ɗin hawa bene ta raɗa wa ɗan leƙen asirin a kunne cewa ubangidan ne ya sayar da su," in ji ta.

"Ba ta ce komai ba. Baki kawai ta motsa. Salo ne na masu shirya fim, ba kowa ke ganewa ba."

"To, malam mai ganewa."

Har bayani ya yi wa abokan aikinsa a kan ma'anar wannan shirun. Wasu ma sun gyaɗa kai.

Ranar Laraba manaja ya ce an gama, ƙarshen mako za a cire fim a rufe ɗaki. Inna ta tsaya riƙe da tsintsiya tana kallon ƙasa. Baba Tocila, wanda a shekara talatin da ɗaya bai taɓa shiga ofis ba a kira shi ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ranka ya daɗe, fim ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Bangon hagu ne ya kurmance."

Manaja ya ɗago kai. "Baba, ka kalli fim ɗin?"

"A'a."

"To?"

"Na kalli masu kallonsa. In an yi sa'a ɗaya da 'yan mintuna, akwai wurin da duk mutanen dama suke ɗauke numfashi. Mata su kai hannu baki, maza su miƙe zaune. Na hagu kuwa suna ta cin guggurunsu kamar ba a ɗaki ɗaya ake ba. Kuma na bi su harabar nan na gani. Duk mai zagi, ni na zaunar da shi a hagu. Ranka ya daɗe, na ga tsoro iri-iri a ɗakin nan, amma ban taɓa ganin tsoron da ya zo layin tsakiya ya tsaya cak kamar an ja masa igiya ba."

Manaja ya ce an gwada sauti tun ranar farko, harbin bindiga har girgiza kujeru yake yi. Baba ya ce harbi daga gaba yake fitowa, shi maganar gefe yake yi. Inna, da take bakin ƙofa, ta sa baki a hankali: "Ni ma dai na lura, tunda aka kawo fim ɗin nan, dama ce take cika da zubabben gugguru. Hagu ko sharewa ba ta buƙata."

Manaja ya yi dariya, irin ta wanda ya riga ya yanke magana. Sai Baba ya ciro tocilarsa ya ajiye a kan tebur.

"Ka zo ka tsaya inda nake tsayawa, kallon ƙarfe biyu. In ƙarya na yi, ba sai ƙarshen wata ba, yau zan tafi, kuma kada a tara mini kowa don ban kwana."

Ya zo. Ma'aikatan da suka leƙa sun ce abin kallo ne, manaja da taye a wuya, ya juya wa allo baya kamar ɗalibin da aka sa horo. Sa'a ɗaya ta wuce yana duba agogo. Sai matar lif ta sunkuyo kan kunnen ɗan leƙen asiri. Rabin ɗaki ya ɗauke wuta. Wata baiwar Allah a dama ta zubar da guggurunta gaba ɗaya. A hagu, wani yana hamma.

Manaja ya juyo ya dubi Baba. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ikon Allah." An ce gani ya kori ji. Ranar nan gani ne ya gano inda ji ya ɓata.

Mai gyara ya buɗe bayan lasifikokin bangon hagu, ya tarar ɓera ya ci waya. Masu shirya fim sun sa raɗar ta riƙa fitowa ta gefe, kamar a kunnenka ake yi, don haka wanda ke hagu sai ya ga baki yana motsi kawai. Aka gyara, aka liƙa sanarwa cewa duk wanda ya zauna a hagu ya dawo ya sake kallo. Ɗaki ya cika har ana mayar da mutane. Mai wannan rubutu ma ya koma, ya ji raɗar tar da kunnensa. Matarsa ba ta ce komai ba. Baki kawai ta motsa.

Inna tana nan da tsintsiyarta har yau.

Baba, kai ne wanda ya tsaya a inda ba a ganinsa, ya ga abin da ya gagari masu kujera. Mu muka biya kuɗin kallo, muka fito muna yanke hukunci da ƙarfin murya, ba wanda ya tambayi kansa ko a wane gefe ya zauna. Kai ne ka tambaya. Kai ne ka ajiye mutuncin shekara talatin da ɗaya a kan tebur saboda aikin da ba naka ba, alhali saura maka kwana goma sha biyu ka tafi gida salin-alin. Mai haska wa wasu hanya, kai kana duhu.

Ranar da zai ajiye aiki, ma'aikata suka haɗa baki. Aka ba shi kujerar da ta fi kowace kyau, tsakiyar layi na bakwai. Manaja da kansa ya karɓi tocila ya raka shi, yana ta tuntuɓe da matakala. Aka kashe fitilu. Baba ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar baƙo a gidan surukai. Ya yi haƙuri ya kalli allo, ya kalli motoci suna tashi sama. Amma da aka zo wurin lif, na kusa da shi suka ga ya juya a hankali, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga ɗaki duka ya ɗauke numfashi tare. Sai ya gyaɗa kai.

Da aka fito, Inna ta tare shi. "To, tsoho, yau dai ka ga fim. Ya ka gan shi?"

"Yana da kyau," in ji shi. "Har bango ya kai."

Mun gode, Baba Tocila. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ƙara wa idanun nan haske. Mu kuma da muka rage, kowa da kusurwar da aka tsayar da shi a wurin aikinsa. Mu riƙa ɗaga kai muna duban fuskokin waɗanda muke yi wa hidima. In kuma muka ga mutane biyu suna neman cin wuyan juna a kan abu ɗaya da suka gani tare, kafin mu zaɓi gefe, mu fara tambaya ko bangon wani ne ya kurmance. Wataƙila ma namu ne.